Tabarma da Kundi: Tarihin Masu Binciken Zukatan Adarawa

A shekarar 1911 aka buga a Paris juzu'i na biyu na rahoton tawagar Kyaftin Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin ƙasar da Faransa ta mamaye da wadda Ingila ta mamaye, daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Cikin tawagar akwai wani hafsa mai aikin tafinta, Moïse Landeroin, wanda ya iya Larabci, ya kuma naƙalci Hausa har shi da Tilho suka fitar da ƙamus da littafin nahawu. Aikinsa shi ne duk inda aka yada zango ya tara dattawa ya tambaye su asali: wa ya sari garin, wa ya gaje shi, da wa aka yi yaƙi, wa ke kai wa wa gaisuwa. Abin da ya rubuta game da Adar yana cikin takardun da mai binciken ƙasar nan ke fara buɗewa har gobe.

Landeroin ya zauna ya saurara. Waɗanda suka zo bayansa suka karanta rubutunsa suka kafa hujja da shi. Hanyoyin nan biyu su ne yau ake koya wa ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam a gefen gwaji da lissafi. Ta farko, a zauna da mutum a yi doguwar hira, a lura da zamansa da tashinsa, a nemi ma'anar da shi kansa yake ba abin da ya same shi. Ta biyu, a ɗauko bayanan da wani ya riga ya tara don wata buƙata tasa, rajistar asibiti ce ko ƙidayar jama'a ko rahoton kwamandan, a yi musu sabuwar tambaya. Zan kira ta farko tabarma, ta biyu kundi. Yawancin waɗanda suka bi su a Adar masana tarihi ne da masana al'adu. Amma abin da suka tono, wato yadda mutane ke tuna baya, da abin da suke tsoro, da abin da suke jin nauyin faɗa, shi ne ainihin abin da ilimin halayya ke nema, kuma duk mai son yin wannan karatu a Tawa ya kamata ya san waɗanda suka riga shi.

Kundin farko na Nasara ne. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, don haka sojan Faransa mai son zuwa Damagaram daga bakin kogi dole ya yi arewa, ya bi ta Filinge da Tawa. Haka Tawa, wadda asalinta ƙauyuka biyu ne na Azna, Bilbis da Fakawa, ta zama bariki. A 1901 hafsan Faransa Gouraud ya gwabza da Abzinawan Kel Geres a Zangebe da Galma, bindiga ta rinjayi takobi, daga nan alƙalami ya karɓi aiki. Kowane kwamandan sai ya rubuta rahoton rangadi, ya rubuta tarihin kowane kanto, ya ƙirga kawuna.

Mai amfani da takardun nan sai ya fara tambayar kansa: don me aka yi tambayar, kuma wanda aka tambaya ya san dalili? Ya sani sarai. An ƙirga mutane ne don lanho, da ɗaukar soja, da aikin dole wanda ba a soke shi ba sai 1946. Maigida mai samari huɗu, in ya ji kwamandan na tafe, biyu a kan dutse za su kwana. An tambayi asali ne don a san wanda za a naɗa, sai kowane mai neman rawani ya ja salsalarsa har inda ta fi tsawo. Tsakanin mai tambaya da mai amsa ga tafinta, shi ma da danginsa da abokan gabarsa. Mata ba a kira su ba. Bayi kuwa, in an ambace su, a bakin iyayengijinsu aka ji labarinsu. Duk da haka ban ga dalilin watsar da takardun ba. Idan rajista ta nuna gari ya zube cikin shekara guda, babu annoba babu yunwa, to ta ba ka labarin gudu zuwa ƙasar Ingilishi, kuma ta gaya maka girman tsoron da ya sa mutum ya bar gonar ubansa.

A shekarun nan ilimin halayya kansa bai daɗe da tsayawa da ƙafafunsa ba. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, inda ake auna saurin amsawar mutum ga haske da sauti. Shi da kansa ya yarda cewa harshe da al'ada da addini ba sa shiga ɗakin gwaji, sai ya rubuta juzu'i 10 a kansu tsakanin 1900 da 1920, yana dogara da rahotannin matafiya da masu bincike, ba tare da ya je ya zauna da mutanen ba. Ɗabi'ar yanke hukunci daga nesa ta kai matuƙa a 1953, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers a kan tunanin mutumin Afirka. Carothers ya taɓa riƙe asibitin masu taɓin hankali na Mathari a Nairobi. Ya tattara rubuce-rubucen wasu da alƙaluman gidajen mahaukata, ya fito da cewa ciwon baƙin ciki mai kwantar da mutum ya sa shi yanke ƙauna ba kasafai yake kama baƙar fata ba. Duk wanda ya san ƙauye ya ga inda aka yi kuskuren. Wa ake kaiwa gidan mahaukata? Wanda ya ɗauki makami, ko ya tuɓe a kasuwa, ko ya dami bariki. Matar da ta daina ci, ta daina magana, ta juya fuska ga bango, babu dogarin da zai zo ɗaukarta. Rajista ba ta gan ta ba, sai aka ce babu ita.

Wadda ta gan ta ita ce Margaret Field. A tsakiyar shekarun 1950 ta tare a wuraren tsafi na ƙasar Ashanti a Gana, inda mutane ke kai kukansu, tana sauraronsu ɗaya bayan ɗaya. Littafinta na 1960 ya nuna ciwon ya yi yawa tsakanin matan karkara, da dama cikinsu suna zuwa ne suna zargin kansu da maita. A lokacin Thomas Adeoye Lambo ya riga ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tun 1954, Henri Collomb kuma ya karɓi sashen Fann na Dakar a 1959, dukansu biyu suna sauraron dangi da masu maganin gargajiya.

Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ta gaji wata ƙaramar cibiyar bincike a Yamai, reshen IFAN da aka buɗe a 1944, wadda daga baya ta zama IRSH. Boubou Hama ya tsaya mata, ya tara mata rubuce-rubucen Larabci da ajami. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka da yau ake kira CELHTO. Rikoda ta iso ta sauya aikin, domin yanzu maganar tsoho na iya zama yadda ya faɗe ta, da tsayawarsa da gyaran muryarsa, babu tafintan da zai taƙaita ta.

Cikin wannan yanayi Nicole Echard ta shigo Adar. Abin da ta fara bugawa, a 1964, nazari ne kan tattalin arziki da zaman jama'a a kwarurukan Adar Dutsi da Majiya, irin wanda masu shirin raya karkara ke nema. Sai ƙasar ta riƙe hankalinta kusan shekara 30, har rasuwarta a 1994. Ta zauna da maƙera, ta ɗauki fim ɗin yadda suke narka tama. Ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da kwamandan bai taɓa damuwa da shi ba: daga ina aka taso, me ya kori mutane, wa aka tarar a wurin, wa ya gina rijiya, wane gida ke riƙe da al'adun ƙasa. A 1975 ta fitar da littafi kan yadda manoman Adar ke riƙe da tarihinsu, da wani kundi dabam mai jera labarin kafuwar ƙauyukan yankin Tawa. Abin da ya fito fili shi ne talaka ma yana da tarihi, sai dai nasa bai zo da jerin sarakuna ba. Tafiya ce da zama, rabuwa da haɗuwa, da maharba, da Aznan ramu da ake cewa an tarar a kogunan duwatsu.

Shekara guda bayan haka ita da Pierre Bonte, wanda ya yi nasa zaman da Kel Geres, suka haɗa rubutu suka kwatanta yadda Hausawan Adar da Kel Geres ke kallon abin da ya wuce. Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, amma kowane ɓangare da abin da ya ɗauka ya cancanci a tuna, da wanda ke da ikon faɗarsa. Wannan batu ne na ilimin halayya tsantsa. Frederic Bartlett ya nuna a Kambirij tun 1932 cewa mutum ba ya ajiye labari yadda ya ji shi, sake gina shi yake yi duk lokacin da ya tuno, yana jan sa zuwa ga abin da ya saba. Bartlett da mutanen jami'a ya gwada, da gajerun labarai. A Adar an ga abin yana aiki a kan al'umma sukutum, kuma a kan labarin da gona da rijiya da mutunci suka rataya a wuyansa.

A 1975 ɗin dai Djibo Hamani ya fitar da nasa littafin kan Adar kafin zuwan Turawa, kuma a ganina shi ya fi nuna yadda ake haɗa tabarma da kundi. Ya ɗauki tarihin sarakunan Agadas da aka rubuta da Larabci, da rubutun malaman Sakkwato, da abin da Turawa irin su Landeroin da Urvoy suka bari, sannan ya koma wurin dattawa. Ɗauki labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, wanda ya karya ikon Kabi a kan Adar a 1674, daga baya aka tuɓe shi daga sarautar Agadas ya dawo ya kafa gidan da ke sarauta a Illela. Kowace majiya da yadda take ba da shi. Inda suka haɗu sai a ɗauka, inda suka saɓa sai a tambayi wa ke cin ribar saɓanin. Littattafan koyar da bincike na zamani suna cewa a duba abu ta kusurwa uku. Malaman hadisi sun riga su da ƙarnoni, da suka ce a binciki mai ruwaya kafin a karɓi ruwaya.

Inda aikin ya fi kusantar likitancin ƙwaƙwalwa shi ne maganar bori. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nata nazarin a Maradi, ta buga shi a 1972, tana kallon girka da idon mai binciken zuciya. Shekara guda kafin nan Ioan Lewis ya yaɗa ra'ayin cewa bori da ire-irensa mafaka ce ta matan da aka danne, hanyar da suke samun abin da ba su iya nema da baki. Echard ta bi ta wata ƙofar. Ta yi shekaru tana tattara sunayen iskokin Adar da Kurfai, da danginsu da halayensu, ta buga su a 1989, sai ga shi jerin yana ɗauke da sawun tarihin ƙasar: duk baƙon iko ko baƙuwar al'umma da ta ratsa ta bar wakili a ciki.

Misali mafi ƙarfi ya faru a 1925 a Shikal ta ƙasar Kurfai, lokacin da wasu sababbin iskoki suka fara hawan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta, iskoki masu fareti da muƙaman bariki. Hausawa suka kira su Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo mutane da yawa aka tsare. A idon mulki wannan bore ne ga sarkin da Nasara ke goyon baya. Abin da ya biyo baya babu rahoton da ya hango shi: kwamandan da kansa ya shiga jerin iskokin, da sunan Kwamandan Mugu. Ƴan cirani suka kai lamarin har Akra, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗin da ya fito a 1955. Wanda ya tsaya ga kundin bariki zai san ranar kame da hukuncin da aka yanke. Wanda ya zauna da mutanen ne kaɗai zai fahimci cewa tsoron da aka hana baki ya furta shi ne ya fito ta jiki.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da bori, abin da malamai suka yi ta wa'azi a kansa har ya ja baya? Rubuta abu dabam, yarda da shi dabam. Likitan da za a kawo wa yarinyar da danginta suka ce iska ta taɓa ta, bayan an kai ta wurin malam an yi ruƙiyya an sha rubutu, yana buƙatar sanin abin da dangin ke nufi. In bai sani ba zai ba da ƙwaya, su karɓa don ladabi, su koma inda ake jin maganarsu.

Fari ya zo a 1973 da 1974, ya dawo a 1984. A shekarar ta 1984 aka fara babban furojen Keita, da kuɗin Italiya, FAO na gudanarwa, Hukumar Abinci ta Duniya na biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a kan gangare don tare ruwa, an yi madatsu, an dasa miliyoyin itatuwa. Wanda ya san Keita kafin lokacin ba zai raina aikin ba. Furojen ya bar tarin takardu: hekta nawa aka farfaɗo, itace nawa, kwanakin aiki nawa. An kuma rubuta cewa mafi yawan masu dakon duwatsun mata ne, aka yi ta yabon haka a matsayin shigar mata cikin ci gaba. Benedetta Rossi ta zo a shekarun 1990 don nazarin furojen, sai tambaya ɗaya ta ja ta baya har shekara 200: su wane ne matan nan, kuma ina mazansu? Mazan sun tafi bida, Nijeriya ko Kwaddibuwa ko Libiya. Littafinta na 2015, wanda ya haɗa takardun ajiya na Yamai da na Faransa da hirarrakin shekaru masu yawa, ya nuna cewa zaren da ya ɗaure zamanin bauta da aikin dolen Nasara da aikin abinci na furoje shi ne wa ke da ikon tafiya, wa kuma ya zama dole ya tsaya ya karɓi abin da aka ba shi.

A nan hanyar sauraro ta gamu da jarabawarta mafi wuya. Ba a tambayar mutum a bainar jama'a ko kakansa bawa ne. Tsohon da ya ba ka labari a ƙofar mai gari, in ka same shi shi kaɗai a gonarsa bayan wata uku, wani labarin zai ba ka, kuma ba lallai ɗaya cikinsu ya zama ƙarya ba. Na farko shi ne wanda zaman lafiyar gari ya dogara a kansa, na biyu shi ne mai hana shi barci. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mai bincike sai ya rubuta wa ke zaune lokacin da aka yi maganar, wa ya shigo aka canza zance, a wace gaɓa aka yi shiru. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta yi ƙoƙarin ƙirga bayi a ƙasar a farkon shekarun 2000, ta tambayi mutane kimanin 11,000, kuma a 2003 doka ta mai da bauta laifi a Nijar. Amma adadi biyu suka yi ta yawo daga aikin: wajen 870,000, da kuma aƙalla 43,000. Tazara irin wannan ba ta rasa nasaba da cewa wanda ke hannun ubangijinsa yana masa kiwo, da wanda sunan kawai ya gada yana hana shi auren da yake so, dukansu suna cikin ciwo, amma ba ciwo iri ɗaya ba ne, kuma takardar “e ko a'a” ba ta iya rarrabe su.

Sai shekarar 2005, bayan farin dango da ƙarancin ruwa na 2004. Hatsi ya yi tsada, cibiyoyin ciyar da yara masu tamowa suka cika, gwamnatin Tandja na cewa ba yunwa ba ce, ƙungiyoyin agaji na cewa yunwa ce, kowa da lambobinsa. Wannan karon masu zaman tabarmar yawancinsu ƴan ƙasa ne. LASDEL, cibiyar da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou da abokansu suka kafa a Yamai a 2001, tana da tata dabarar: tawaga ta sauka gari tare na ƴan kwanaki, wannan ya bi mata, wannan ya bi ƴan kasuwa, wancan ya bi fada, da yamma a haɗu a gwada abin da aka ji, sannan a bar mutum ɗaya ya yi dogon zama. Oumarou Hamani ya yi nasa zaman a Bambai, kusa da Tawa, aka buga sakamakon a 2008. Ya nuna rawar da kuɗin ƴan bida da na ƴan garin mazauna birane suka taka wajen tsallakar da gidaje, abin da rahoton agaji ba ya ƙirgawa tunda bai bi ta hannunsa ba. Bayan wasu shekaru cibiyar ta binciki rabon kuɗin tallafi a garuruwa da dama, har da Tebaram, ta tarar da zargi da ƙorafi kan yadda ake zaɓen mabuƙata, da kuma wuraren da ake sake raba kuɗin bayan motar furoje ta juya, domin a idon gari kowa talaka ne.

Ko sunayen da aka ba shekarun yunwa bayanai ne ga mai kunnen ji. Boureima Alpha Gado ya yi aiki da su a littafinsa na 1993. Tsoho ba zai ce 1913 zuwa 1914 ba, Kakalaba zai ce. Ta 1984 kuwa El Buhari ake kiranta, domin abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne rufe iyakar Nijeriya da Buhari ya yi a daidai lokacin da suka fi buƙatar ta a buɗe.

Yau kundin ya yi kauri fiye da kowane zamani. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012, ta ƙarshen ta ba jihar Tawa fiye da mutum miliyan 3. An yi babban binciken lafiya da haihuwa a 1992, 1998, 2006 da 2012, na 2012 ɗin ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 7.6. Ɗalibi na iya neman waɗannan bayanai ta intanet. Ba don ilimin halayya aka tara su ba, amma ciki akwai gidaje nawa mace ke riƙe da su, da shekarun da aka aurar da yarinya, da ƴaƴa nawa uwa ta binne. Glen Elder ya yi irin wannan a Amurka: ya ɗauko tsofaffin bayanan da aka tara kan yaran Oakland da aka haifa a 1920 da 1921, ya fitar da littafi a 1974 kan yadda talaucin shekarun 1930 ya bi su har girmansu. Tambayar nan tana jiran mai yi wa yaran Adar na 1984 da na 2005.

Sai dai wanda bai zauna a tabarma ba zai karanta lambobin a karkace. Uwa a ƙasar Hausa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, kuma ba kowa ke son ƙirga ƴaƴansa a gaban baƙo ba, balle jaririn da ya koma kafin suna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takarda mai tambayoyi 20 da ake tantance damuwa da ita. Ka ɗauke ta ka je gidan da miji ya shekara uku a Libiya babu aike, ka tambayi matar a gaban surukarta ko tana cikin baƙin ciki. “Alhamdu lillahi,” za ta ce. Tun tana yarinya aka koya mata cewa in an ce ina gajiya, a ce ba gajiya. Damuwarta za ta fito ne ta ciwon kai, da zafin ƙirji, da rashin barci, da “tunani ya yi mini yawa”, kuma ga wata mace za ta faɗa, wurin daka ko hanyar rijiya. Babban sashen masu taɓin hankali na ƙasar, wanda kowa ya sani da Pavillon E, yana asibitin ƙasa na Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Duk wanda zai auna ciwon zuciya a Adar da rajistar asibiti kaɗai, kuskuren Carothers zai maimaita. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayya, ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke. Ma'aunin da aka ƙera a can ba a karɓarsa a nan sai an gwada shi da bakin mutanen nan.

Akwai kuma nauyin da ke kan mai tambaya, wanda ya ƙaru tun da rashin tsaro ya shigo arewacin jihar. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan a yankin Tilliya, gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu. Bayan irin wannan masifa masu tambaya kan yi yawa, kowa da wayarsa da jerin tambayoyinsa. Macen da ta ga an kashe mijinta ba ta cancanci a sa ta maimaita labarin ga baƙo bayan baƙo don a cika gurbi a rahoto ba. A nan bayanan da aka riga aka tara rahama ne: a fara duba abin da wasu suka rubuta, kada a sake tono abin da ba za a iya rufewa ba. In kuwa dole ne a tambaya, a nemi yardarta da harshen da take ji, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, a ɓoye sunanta da na zangonta, domin a wurin da makami ke yawo takarda na iya jawo kisa.

Tawa ta sami jami'a a 2010, yanzu kuma sunan Djibo Hamani take amsawa, tana da tsangayar ilimin tarbiyya inda ake taɓa ilimin halayyar yara da na koyo. Abin da ke damuna shi ne kusan duk ayyukan da na ambata da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, alhali da Hausa da Tamajak aka faɗe su, kuma jikokin waɗanda suka ba da labarin ba su taɓa jin abin da aka ce kakanninsu sun ce ba. Kundin ƙauyukan da Echard ta buga ya kai shekara 50. Ɗalibi na iya ɗaukarsa ya koma garuruwan nan, ya karanta wa jama'a abin da aka rubuta da Hausa, ya naɗi abin da suka gaskata, da abin da suka ƙaryata, da abin da suka manta, da abin da suka ƙara. Zai buƙaci izinin mai gari, da abokiyar aiki mace da za ta shiga cikin gida. Zai kuma zaɓi lokaci: wanda ya je a Fabrairu mata da tsofaffi da yara zai tarar, mai son jin ta bakin ƴan bida kuwa sai ya jira Yuni su dawo shuka, kuma a lokacin ba su da sararin zama sai bayan lisha.